Akwati mai taya ko jakar goyo, wanne ya fi ga mai tafiya aikin sa-kai?

Ɗan'uwa, ka ce wata uku za ka yi a ƙasar waje wajen aikin sa-kai, kuma ka rasa wanda za ka saya tsakanin akwati mai taya da babbar jakar goyo. Kafin ka fitar da kuɗinka, tambayi waɗanda za su karɓe ka yadda hanya take daga inda mota za ta sauke ka zuwa ɗakin da za ka kwana. Wannan ɗan taƙin shi zai raba gardamar. A filin jirgi ai kowane akwati sulala yake yi.

Akwati yana da daɗin sha'ani. Ka buɗe, komai na gabanka, kaya ba su yamutse ba, ka sa masa kwaɗo ka fita hankali kwance. Idan aka ba ka ɗakin da babu durowa, shi ne durowarka. Aibinsa biyu ne. Na farko nauyi: yawancin kamfanonin jirage kilo 23 suke yarda da shi a kan kowane ƙunshi, babban akwati kuwa tun yana fanko ya cinye kilo 4 zuwa 5, alhali jakar goyo mai lita 60 ba ta cika wuce kilo 2 da 'yan kai ba. Na biyu taya. Yashi, tsakuwa, taɓo da matakala duk abokan gabarta ne. Na taɓa jan akwati a kan hanyar tsakuwa, ban yi nisa ba na ji ƙas, taya ɗaya ta fita tana gangarawa gabana. A kafaɗa na ƙarasa da shi, ina haki.

Ita jakar goyo ba ruwanta da irin hanya, hannayenka biyu kuma a sake suke. Sai dai kilo 23 ɗin da jirgi ya ba ka, bayanka bai ba ka ba. Abin da masu tafiyar ƙasa suka saba bi shi ne kada kaya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mutum. Mai kilo 70, kilo 14 ke nan. Nemi mai faffaɗan ɗamara, don nauyin ya sauka a ƙugu, kafaɗa ta huta. Ka guji wadda ta sama kaɗai ake buɗe ta, in ba haka ba duk ranar da kake neman safa sai ka zazzage komai a ƙasa. Igiyoyinta kuma suna maƙalewa a bel ɗin da ke jan kaya a filin jirgi, sai ka ɗaure su tamau kafin awo. Wajen kullewa dai akwati ya fi ta, babu musu.

Idan a gari ɗaya za ka zauna, makaranta ko asibiti, mota har ƙofar masauki, sayi akwati. Idan aikin na yawo ne tsakanin ƙauyuka, yau bas, gobe kwalekwale, jakar goyo ce taka. In ba a ba ka amsa takamaimai ba, ni jakar zan ɗauka, ko don ta hana ni kwasar tarkace. Tufafin kwana goma sun ishe ka wata uku, ai can ma ana wanki.

Duk wanda ka zaɓa, akwai abin da ba ya shiga cikinsa, sai ƙaramar jakar hannu: fasfo (ƙasashe da yawa suna son ya rage masa aƙalla wata shida), takardar gayyata, magungunanka da takardar likita, da kayan sawa na kwana ɗaya ko da babban kayan ya makara. Fawa bank ma dole a hannu, doka ta hana sa batirin a kayan awo. Idan ƙasar tana neman katin rigakafin zazzaɓin shawara (yellow fever), kada ka bari sai jajiberi, don sai kwana 10 bayan allurar katin yake fara aiki.

Ana saura mako guda, haɗa kayan duka, ka ɗauka ka hau bene hawa biyu ka sauko. In ka tsaya hutawa a tsakiya, buɗe ka rage.