Kwas ɗin haɗa sola da na yi a Kano: ya biya kuɗinsa, amma da sauran gyara

Sana'ata gyaran janareta ce, a Kurna shagona yake. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kasuwa ta ja baya. Masu shagunan da ke kawo min inji duk wata sun jingine shi, sun ɗora faifan sola a kan kwano. Shi ya sa na shiga kwas na wata uku a wata cibiya mai zaman kanta. Ba zan kama suna ba, don akwai inda zan taɓa su.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne lissafin lodi. Malaminmu, wani dattijo da ya daɗe a harkar wuta, ba ya barin ka taɓa waya sai ka zauna da biro: firiza wat nawa take ja, fanka awa nawa za ta yi, inbata da batir nawa za su ɗauke su har asuba. Yakan ce yawancin solar da ke mutuwa a gidajen mutane ba laifin kaya ba ne, mai haɗawa ne ya yi ƙiyasi da ka. Ya hau da mu rufi ya nuna mana dalilin da faifai ke fuskantar kudu, a ɗan karkace, tunda Kano tana wajen digiri 12 arewa. Lokacin hunturu ne, ƙura ta rufe faifan. Ya sa wani yaro ya goge guda ɗaya da tsumma, muna kallon mita lamba ta haura nan take. Wannan darasin kaɗai ya isa.

Inda suka gaza, batirin litiyam. Shi ake yayi yanzu, amma guda ɗaya tak suke da shi, kullum a kulle a ofis kamar kayan lefe. A kan tsofaffin batura masu ruwa muka koya. Igiyar ɗaure ƙugu ta hawa rufi kuwa, ko ƙyallinta ban gani ba.

Sai maganar aiki. A takardar talla sun ce za su haɗa ɗalibai da kamfanoni. Da muka gama, lambobin waya kawai aka ba mu. Aikin yana nan, amma kai za ka nemo shi: masu noman rani a Kura da Kadawa suna sauya injin ban ruwa da famfon sola, masallatai da ƙananan asibitoci suna neman mai haɗawa, ga gyaran aikin da wasu suka kwaɓa, wanda shi ya fi kawo min kuɗi yanzu.

Wanda ya riga ya san waya da mita zai ƙaru sosai. Sabon shiga kuwa, wata uku ba za su ishe shi ba, sai ya bi wani oga tukuna. Kuma kafin ka biya, tambaye su ko takardarsu za ta taimaka maka wajen samun shaidar NEMSA, hukumar gwamnati mai tantance masu haɗa wutar lantarki, don a manyan ayyuka wannan shaidar ake tambaya. Tamu ta cibiyar ce kawai.