Hutun yara a Landan, abin da muka ci da abin da ya ci aljihunmu

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kuna lafiya ke da yara da su Umma da Baba, ya damina? Nasan tun ranar da na tura hotunan nan kike jira in zauna in baki labari, to yau bani da aiki, yara sun yi barci, bari in zuba miki shi.

Kinsan nan dogon hutun makaranta sati shida ne, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, lokacin zafinsu kenan. Shekara uku muna Manchester amma yaran basu taɓa ganin Landan ba in banda filin jirgi ranar da muka sauka, kullum babbar sai ta dawo daga makaranta tace ƙawarta an kaita nan an kaita can. Shi ne Abbansu yace bana ko kwana huɗu ne sai mun je, na ɗau hutu a wajen aiki shi ma ya ɗauka.

Jirgin ƙasa muka hau daga Manchester Piccadilly zuwa Euston, awa biyu da ƴan mintuna. Tikitin jirgin ƙasa a ƙasar nan da tsada Yaya, in ka bari sai ranar tafiya zaka saya to sai ka riƙe baki, dole ka saya tun saura makonni. Akwai wani kati na iyali da ake yi, yana rage wa manya kashi ɗaya cikin uku, yara kuma kashi 60 cikin ɗari, auta da bata kai biyar ba ita kyauta ce. Abin da ya burgeni shi ne lambar kujerarka tana jikin tikitinka, ka shiga ka sameta tana jiranka, ba mai ce maka matsa a ƙara mutum ɗaya. Na tuna tafiyarmu Kaduna bikin nan da aka cusa mu huɗu a baya da jaka a cinya, ƙafata har ta daina ji.

Cikin Landan kuwa harkar mota ita ce ta fi komi sauƙi. Bas ɗinsu jajayen nan masu bene basa karɓar tsabar kuɗi sam tun 2014, katin banki kawai zaka ɗora ko wayarka, lokacin da muka je fam 1.75 ne, kuma in ka sauka ka hau wata cikin awa ɗaya ba za a ƙara cire maka ba. Yaran duk ukun basu kai shekara 11 ba, to bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa duk kyauta suka hau tunda suna tare da mu. Kuma akwai iyakar abin da za a cire maka a yini, in ka kai wannan adadin sauran yawonka na ranar ba ko kwabo. Ke da kike lissafin kuɗin adaidaita sahu na kai yara makaranta da dawowa kullum kinsan abin da nake nufi. Ba ciniki, ba rigimar canji, ba a ce miki fetur ya tashi yau an ƙara.

Amma fa jirgin ƙarƙashin ƙasan nan akwai zafi, musamman layin da suke kira Central, ba AC, mutane cunkushe, ina cikin hijabi gumi na ta zuba kamar ina Kantin Kwari da azahar. Tsohon abu ne, tun 1863 suka fara shi, wasu tashoshin ba lif sai matakala, Abbansu ne ya dinga ɗaukar keken auta yana hawa yana sauka.

Otal ɗin kam ban ji daɗinsa ba gaskiya. Kuɗin da muka biya kwana ɗaya in aka canja shi naira na tabbata a Kano sai a baka ɗaki da falo, nan kuwa ɗaki ne in ka buɗe akwati babu wajen shimfiɗa darduma sai an ture shi ƙarƙashin gado. Ba AC ba fanka, tagar kuma ɗan kaɗan take buɗuwa. Muka roƙi fanka aka ce sun ƙare. Babu mai ɗaukar maka kaya, babu mai ce maka sannu da zuwa ya hanya, mukulli kawai aka miƙo mana wato ɗan kati aka nuna mana lif. Wuta dai bata ɗauke ba ko sau ɗaya, ruwan zafi na zuwa kowane lokaci, zanin gado fes. Banɗaki kuma kinsan halinsu ba buta, daga otal har gidan abinci har gidan tarihi, ni dai kullum da robar ruwa a jakata, yaran ma sun saba kowa yasan tashi.

To abinci Yaya, nan ne labarin yake. Daren farko muka je Edgware Road, titi ne na Larabawa, yawanci ƴan Labanan da makwabtansu, ko ina an rubuta halal, ƙamshin gashi har kan titi. Da yake magariba sai wajen ƙarfe takwas da rabi, ƙarfe takwas gari da haske kamar la'asar sakaliya, yara basa ma yarda dare yayi. Muka zauna aka kawo gasasshen naman rago da kaza da shinkafa da gurasarsu, da wani abu na markaɗaɗɗen wake da riɗi da ake dangwala. Naman yayi laushi ba ƙarya, amma ba yaji, gishiri ma da ƙyar. Allah ya taimake ni da ɗan kwalbar yajin da Umma ta daka min a jaka, na zaro na barbaɗa, sai ga mai kawo abincin ya tsaya yana kallo yace menene wannan, na zuba masa kaɗan a hannu ya lasa, idonsa ya kawo ruwa yana dariya yana cewa mashaAllah. Har ya kira abokin aikinsa shi ma ya ɗanɗana. Wannan ɗan lokacin shi ne na ji kamar ina gida.

Da aka kawo lissafi sai naga kuɗin ya wuce abin da na haɗa a kaina. Ashe a Landan yawancin gidajen abinci suna ɗora kashi 12.5 cikin ɗari a kai, wai ladan hidima. A ƙa'ida kana iya cewa a cire amma wa zai iya, bawan Allah yana tsaye a gabanka da na'urar kati. Sannan ruwa. Ni da nace a kawo ruwa sai aka kawo na kwalba manya guda biyu, kuɗinsu ya kusa na faranti ɗaya. Daga baya muka gane sai ka faɗa da bakinka kace ruwan famfo kake so, shi kyauta ne kuma mai kyau ne ana sha. Tun daga ranar ko ina muka zauna babbar ce take riga kowa faɗa.

Abin da nake so ki gane, nan ba gyara. Abin da aka auna shi ne naka. Mai tuwon bakin layinmu in ta ga ka zo da yara sai ta ƙara malmala, tace wannan na auta ne, miya ta ƙare ka miƙa kwano a ƙaro ba a ce komi. Mai tsire ya yanko maka ɗanɗano kafin ma ka saya. Nan ɗan ƙarin miya a ƙaramin kofi sai ka ganshi a takarda da kuɗinsa. Suna da fara'a, suna ta sannu suna tambayar ko abinci yayi, amma duk cikin aiki ne. A wani gidan abincin ma da muka je rana ta biyu ce mana akayi teburin na awa ɗaya da rabi ne, auta bata gama cin nata ba aka fara kwashe faranti ana goge gefenmu, raina ya sosu wallahi, a ce ka biya kuɗinka kuma ana ƙirga maka loma. Sai dai gaskiya ɗaya, akwai tsafta, a ƙofar gidajen abinci da yawa zaka ga koren tambari na hukuma da maki daga 0 zuwa 5, kafin ka shiga kasan inda zaka sa ƙafa, kuma kwana huɗun nan ba wanda cikinsa ya ɓaci. In yaro yana da abin da jikinsa baya so kamar gyaɗa zasu gaya maka duk abin da ke cikin girkin.

Rana ta uku Abbansu yace shi fa ya gaji da abincin Larabawa, muka hau bas zuwa Peckham. Yaya in kika shiga titin Rye Lane sai ki ɗauka Sabon Gari kike, ga doya, ga manja, ga attaruhu, ga busasshen kifi, Yarbanci ta ko ina. Doya a sikeli ake aunata, ƙwaya ɗaya kuɗinta ya isa ki sayo da dama a gida. Muka ci sakwara da miyar agushi da dafadukar shinkafa, yaran suka cinye tas. Tuwon shinkafa da miyar kuka kuwa ban gani ba, masa ma haka, namu mutanen basu cika buɗe gidan abinci ba a nan. Tsiren da muka saya yayi daɗi daidai gwargwado amma babu ƙamshin hayaƙin icen nan, kuma a roba aka zuba shi.

Daga nan na koma dabarar gida, da safe in shiga kanti in sayo biredi da ayaba da madara da ƙwai dafaffe, in cika fulas da shayi, rana in tayi mu shimfiɗa zani a lambu mu ci. Lambunansu kyauta ne kuma ga girma, Hyde Park da Regent's Park, ciyawa a gyare, wajen wasan yara da lilo da yashi. Ranar Juma'a a babban masallacin da ke gefen Regent's Park mukayi sallah, mai ƙubba ruwan zinare, ɓangaren mata ya cika, ga Larabawa ga ƴan Somaliya ga ƴan Pakistan, har na ji wasu mata biyu suna Hausa a bayana muka gaisa kamar mun shekara da sanin juna.

Wajen kallo kuma abin ya rabu biyu. Katon lilon nan London Eye da kika gani a hoto, tsayinsa mita 135, zagaye ɗaya minti 30, mu biyar kuɗin ya haura fam ɗari, daga sama kana ganin kogin Thames da majalisarsu da agogon Big Ben. Yayi kyau, amma sau ɗaya ya isa. Fadar Buckingham daga waje muka tsaya kallon canjin masu gadi, jama'a tayi yawa sai da Abbansu ya ɗora auta a wuya. Gidajen tarihi kuwa manya manya ba a biyan ko sisi. Na dabbobi a South Kensington, inda ƙasusuwan wani katon kifi ke rataye a sama da zarar ka shiga, yaronmu namijin ƙin fita yayi, sai da muka yi awa huɗu.

British Museum shi ne ya tsaya min a rai. Muka sauka ƙasa ɓangaren Afirka muka tarar da kayan tagullar Benin jere a bango, waɗanda sojojin Ingila suka kwaso a 1897. An goge su, an haska musu fitila, kowanne da bayaninsa. Babbar ta karanta ta juyo tace Mama ai namu ne me yasa suke nan, na rasa ta inda zan fara. Na tsaya ina kallo raina ba daɗi, ga haushin an kwaso, ga kuma tunanin ni da aka haifa a Kano na girma a Kano sau ɗaya na taɓa shiga Gidan Makama, shi ma makaranta ce ta kaimu. Marinar Ƙofar Mata kullum muna wucewa ta gabanta a mota. Ganuwa tana ta zubewa muna kallo. Don Allah Yaya hutun nan ki kwashi yaranki ki kaisu Gidan Makama ku hau Dala, zan turo kuɗin mota da na tsire, ki ɗauko min hotuna in nuna wa nawa.

Ranar da zamu dawo muka biya ta ginin BBC kusa da Oxford Circus, saboda Baba. Na tsaya a ƙofar ina tuna shi a kan tabarma da asuba da rediyonsa yana murɗa ta. Hoton da na tura na yaran su uku a gaban ginin, na Baba ne, ki sa a wanko masa babba.

In kin samu mai zuwa ki aiko min da kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya, yajin Umma ma saura kaɗan a kwalbar. Kilishi kar ki saka, basa bari a shigo da nama, ƙwacewa zasu yi a filin jirgi. Ki gaida su Umma da Baba da maigidan, yara suna gaida Anti.