Na sha geronmu a kofin gilashi a Santambul

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jikin Inna, ya iyali, ya kuma fama da aikin rani? Ran nan da muka yi waya ka ce in daina cika ka da "lafiya lau", in zauna in ba ka labarin abin da ake saye da sayarwa a garin nan na Istanbul, wanda tsofaffinmu suke kira Santambul. To ga shi, ka karanta wa mutanen gida in an taru bayan isha'i.

Da gero zan fara, don shi ya fi tsaya mini a rai. Wani dare cikin hunturu, irin sanyin da ya ninka na jaura a bakin kogi, wani Baturke da muke aikin ɗaure kaya tare a unguwar Laleli ya ja ni zuwa unguwar Vefa, tafiyar ƙafa ce kaɗan. Muka shiga wani tsohon shago mai dogayen ƙofofin katako, dutsen dokin ƙofarsa har ya lotsa saboda sawun mutane. Aka miƙo mini kofin gilashi cike da wani abu mai kauri, an barbaɗa masa kirfa, aka haɗo da cokali. Ina kai shi baki sai na ji ni a tsakar gidanmu. Ɗan zaƙi, ɗan tsami, kamar kunun da Inna take damawa da gasarar da ta kwana, sai dai shi da sanyinsa ake sha. Na tambayi abin da ke ciki, aka ce gero ne da ruwa da sukari. Boza suke kiransa. Wani mutum mai suna Haji Sadik ne ya buɗe shagon a 1876, kuma har yau zuriyarsa ce ke riƙe da shi. A jikin bango an adana kofin da Ataturk, wanda ya kafa jamhuriyarsu, ya sha boza da shi a 1937. Ga layi har waje, attajiri da ɗalibi, tsohuwa da jikanta.

Na daɗe a tsaye da kofin nan a hannu, Yaya. Na tuna yadda muke auna gero da kaka mu kai kasuwa a saye shi a wulaƙance, kafin damina kuma mu dawo muna sayensa da tsada. Na tuna furar Gwaggo, wadda mutane suke tasowa daga ƙauyuka uku saboda ita, amma babu ko ɗaya cikin 'ya'yanta da ya yarda ya koya, wai sana'ar tsofaffi ce. Wallahi furarta ba ta gaza wannan boza da komai ba. Bambancin kawai, su sun ba abinsu gida da suna, jika ya gāji kaka bai ji kunya ba.

Haka garin yake, mutum ya kama abu ɗaya ya riƙe shi gam. Kusa da kasuwar kayan ƙamshi da suke kira Kasuwar Masar, wadda aka gina tun shekarun 1660, akwai shagon Kurukahveci Mehmet Efendi. Tun 1871 gahawa suke soyawa su niƙa, ta taga ake miƙo ta a ƙunshin takarda da ɗuminta, ƙamshin kuwa tun daga bakin titi yake tarbar mutum. Gaba kaɗan akwai gidan Haji Bekir, masu alewar lokum tun 1777. Akwai shagunan da ba a sayar da komai a ciki sai kayan lambu da aka jiƙa a ruwan gishiri da tsami, kabeji da kokwamba da barkono jere a kwalabe har rufi. Na ga mai maɓallan riga zalla, na ga mai zuma zalla.

Babbar kasuwarsu mai rufi, Kapalicarshi, an fara gina ta ne jim kaɗan bayan Sarki Muhammadu Fatih ya ci garin a 1453. Ka ga ke nan sa'ar Kurmi ce, wadda aka kafa zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni guda. Tana da lunguna fiye da 60, kuma da yawansu sunan sana'a suke ɗauke da shi, layin maƙeran zinariya, layin masu madubi, layin masu takalma, kamar dai yadda a Kurmi kowa ya san inda dukawa suke da inda 'yan turare suke. Amma yanzu baƙi 'yan yawon buɗe ido sun fi yawa a cikinta, ni ba na sayen komai a can.

Inda zai burge ka shi ne Karakoy, a tsallaken gadar Galata. Can ne Ƙofar Ruwansu, wato kasuwarsu ta kayan ƙarfe da na injuna. Na je neman robar nan da ka ce tana yawan cinyewa a injin ban-ruwanka. Na nuna wa wani dattijo hoton da ka turo. Bai ce uffan ba sai da ya sa aka kawo mini shayi a ɗan ƙaramin kofi. Shagon nasa bai fi faɗin rumbunmu ba, amma daga ƙasa har sama ƙananan aljihunan katako ne, kowanne da lamba, kuma babu komai a ciki sai robobin toshe yoyo. Ya duba hoton ya girgiza kai, ya ce da hoto ba ya sayarwa, sai an kawo masa awon faɗinta na ciki da na waje da kaurinta. Na ce ya ba ni wadda ta yi kama, ya ƙi. Ya ce in ta ƙi shiga, mutumin da ke can gona zai yi asarar ruwan kwana nawa? Kuɗina na hannuna ya bar ni na tafi da su. Sau nawa aka ce maka "ai duk ɗaya ne" ka dawo gida ka tarar ba ɗaya ba ne?

Kada ka ɗauka kowa haka yake. Farkon zuwana wani mai shago ya ga ban iya yaren ba, ya sayar mini da ruwan sukari da sunan zuma, a kan ninkin kuɗinta. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don Inna na saya wa. Tsadar rayuwa kuma tana cin su kamar yadda take cinmu, kuɗinsu lira ya daɗe yana faɗuwa, nama sai wane da wane. Mai shagon unguwa yana da littafin bashi, amma sai wanda ya sani shekara da shekaru. Daddawa da kuka kuwa sai a shagunan 'yan Afirka da ke wajen Aksaray, ɗan ƙullin da Inna za ta ba maƙwabciya kyauta shi za a tsuga maka kuɗi a kai. Turkawa suna da busasshiyar kuɓewa, 'yan ƙanana kamar kan yatsa, a shirye a zare kamar carbi, amma tsadarta ba ta talaka ba ce.

Riɗi fa, a nan sarki ne. Kowace kusurwa akwai ɗan keken gilashi mai jan fenti ana sayar da simit, burodi ne zagayayye kamar awarwaro, an lulluɓe shi da riɗi. Suna niƙa shi su yi tahin, su yi alewar halwa. Turkiyya tana cikin masu sayen riɗin Najeriya, don haka duk safiyar da na ci simit sai in ce wa ya sani ko daga Maigatari wannan ya taso ranar wata Alhamis. Zoɓo ma na gan shi a kwalba mai ƙyalli, ana sayar da shi a matsayin shayi.

Su ma kasuwarsu tana ci rana-rana. A Fatih akwai unguwar da sunanta ma Charshamba, wato Laraba, ranar da ake toshe tituna a kafa rumfuna. Kowane tulin tumatir da takardar farashinsa a kai, da kilo ake awo.

Kowane lokaci kuma da abinsa. Da sanyi, masu gasa wani ɗan itace da suke kira kestane suna cika titi da hayaƙi, wani dare kuma ka ji mai tallan boza yana jan murya a lungu. Daga 15 ga Afrilu zuwa 1 ga Satumba an hana manyan jiragen su jefa koma, don kifi ya samu ya hayayyafa, ana buɗewa kuwa kifi ya cika kasuwa. Na so a ce masuntanmu na Haɗeja sun ga wannan. A watan Afrilu ake bikin furen da suke kira lale, shi ne ma asalin sunan Laleli. Na je lambun Emirgan na ga ja da rawaya da fari shimfiɗe kamar an baza atamfofi a Kwari, mai shiga da ƙafa ba ya biyan ko sisi.

Amma azumi ya fi komai. Ana ɗaura fitilu tsakanin hasumiyoyin manyan masallatai su rubuta kalmomi a sararin sama, mahya suke ce masa. Kafin magariba layi yake kamawa a gidajen burodi saboda wata gurasa da ake yi don azumi. Iyalai suna shimfiɗa tabarma a filin Sultanahmet su jira kiran salla, da asuba kuma mai ganga yana zaga unguwa yana tashin mutane sahur. A nan ne kewar gida take kama ni sosai, don ga jama'a dubbai amma babu wanda zai miƙo mini kunun tsamiya ya kira ni da sunan da Inna take kirana.

Ran da ba aiki, nakan shiga jirgin ruwa daga Eminonu zuwa Uskudar. Cikin mintoci kaɗan ka bar Turai ka shiga Asiya, da katin nan guda da ake hawa bas da jirgin ƙasa da shi, har da wanda yake bi ta ƙarƙashin teku tun 2013. Nakan yi la'asar a can in dawo.

Akwai wani ɗan Kwari da zai taso nan ƙarshen wata, zan turo maka bayaninsa. Ka cire tsohuwar robar injin ka ba shi ita kanta, dattijon nan ya ce in ya riƙe ta a hannu zai gane ta. A haɗo mini da daddawa da kuka da yajin Inna. Sannan ka je ka gaishe da Gwaggo, ka roƙe ta ta bar 'yarka babba ta riƙa zama kusa da ita ranar da take kirɓa fura, kuɗin geron koyon ni zan turo. A gaida Baffa da Liman da duk 'yan majalisar gindin darbejiya.

Naka, ƙaninka.