Kwana huɗu da takobin Skyward Sword a Aboabo

Yayana da ke Hamburg ne ya aiko mana da na'urar wasan bidiyo ta Nintendo Switch, haɗe da wasa guda, The Legend of Zelda: Skyward Sword HD. Yau kwana huɗu ke nan ina zama kansa bayan isha'i, idan na taso daga teburin naman mahaifina a kasuwar Asawase da ke Kumasi. Ban yi nisa ba, amma abin da na gani ya isa in yi magana.

Wasan ya kwana biyu. A 2011 ya fara fitowa a kan Wii, tsohuwar na'urar Nintendo, aka gyara shi aka dawo da shi kan Switch a watan Yulin 2021. Kai ne Link, saurayi ɗan Skyloft, wani gari da ke shawagi a saman gajimare, inda kowa ke da tsuntsun hawansa. Guguwa ta fizge Zelda, ƙawarka tun yarinta, ta yi ƙasa da ita, kai kuma ka bi sawu. Farkon akwai jan ƙafa, surutu da koyarwa sun cinye mini dare guda.

Da na sauka dajin Faron ne wasan ya kama ni. Joy-Con, wato abin sarrafa wasan da ake riƙewa a hannu, guda biyu ne: na dama shi ne takobi, na hagu garkuwa, duk inda ka kai hannu nan takobin zai bi. Na fara da sara ta ko'ina, ban ci komai ba. Akwai wani tsiro mai haƙora, Deku Baba: in ya wage baki a kwance, a kwance za ka sare shi, in a tsaye, a tsaye. Ka kuskure, takobi ya yi ƙara ya dawo maka. Nan take na tuna Baba ranar da ya fara ba ni wuƙa, ya riƙe wuyan hannuna a kan cinyar bijimi ya ce, "Nemo gaɓa tukuna, ƙarfi ba ya yanka ƙashi." Wallahi abin da wasan nan yake nema ke nan, ka duba kafin ka sara.

Ghirahim, babban abokin gaba na farko, ya tabbatar mini da haka. Yana takowa a hankali, hannunsa na bin bakin takobinka, kana kai sara ya cafke shi da yatsu. Sai ka ja hankalinsa gefe guda sannan ka shammace shi ta ɗaya gefen. Sau biyar ya kayar da ni. A na shida ina tsaye tsakiyar ɗaki, gumi har gadon baya, ɗan yayata yana ta ihu, "Kawu, ta hagu! Ta hagu!" Da ya faɗi, sai da na zauna hannuna ya daina rawa.

Lokaci-lokaci saitin yakan kauce, sai ka danna maɓallin Y ka daidaita shi, kuma wannan ya zama jiki tun dare na biyu. Akwai damar bugawa da maɓallai kawai, sandar dama ta zama takobi. Na gwada, yana aiki, amma armashin ya ragu sosai. Sannan ɗakunanmu na zango ba su da fili, don haka a janye tebur, a ɗaura igiyar Joy-Con a hannu, a matsar da yara baya. Iyaye kuma su sani, tatsuniyar tana da batun wata allahiya mai suna Hylia. Ni na zauna na yi wa yaron bayani cewa ƙirƙira ce kawai.

Daren yau zan nufi dutsen Eldin mai aman wuta. An ce garkuwar katako ƙonewa take a can, don haka zan fara biyawa kasuwar Skyloft in sayi ta ƙarfe.