Ƙaramin bilenda mai caji: kankana da gwanda eh, aya kuma a'a

Masu tambaya kan ɗan bilendan nan mai caji da ya cika Sabon Gari da shagunan onlayin, toh ga abin da na gani. Nawa irin mai siffar gorar ruwa ne, yana cin 380ml, kofi ɗaya kenan da ɗan ɗori, ana cajinsa da igiyar USB kuma ko fawa bank ka jona masa yana ɗauka, wannan kam shi ya fi jan hankalina tunda wuta sai a hankali.

Inda ya fi ƙwarewa kankana ce. Ka yanka ƙanana ka cire 'ya'yan, kar ka cika shi taf, ba sai ka zuba ruwa ba don ita kanta kusan kashi 92 cikin ɗari ruwa ce, ka danna maɓallin sau biyu yana kife sannan ka miƙar da shi kana ɗan girgizawa, kafin ka ce me an gama. Gwanda ma haka, ayaba da madara haka, mangwaro in ya nuna luguf shi ma babu matsala. Abarba ce sai an lallaɓa, a cire taurin nan na tsakiya a zuba ɗan ruwa, citta kuma a goge ta tukuna in ba haka ba guntu-guntu za ka riƙa taunawa. Goba dole a tace da rariya saboda 'ya'yanta ko gezau ba sa yi.

Amma don Allah kar wani ya saya da niyyar kunun aya. Ko kwana ayar ta yi a jiƙe injin ba shi da wannan ƙarfin, zai yi ƙugi ya tsaya jar wuta ta hau ƙyaftawa. Ƙanƙara ma haka, ɗanyen karas haka. Dabino yana yi in an cire ƙwallon an jiƙa a ruwan ɗumi ya yi laushi sosai, kuma gaskiya dabino biyu zuwa uku cikin ayaba da madara sun raba ka da neman sukari.

Maganar sukarin nan ma ita ce ta sa na fi son bilenda a kan injin matse lemo, shi bilenda komai yake markaɗewa ka sha har da tuƙar, kuma tuƙar ita ke riƙe ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce sukarin da ake ƙarawa kar ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu a abincinsa na yini, wajen giram 50 kenan ga babba, cokalin shayi 12, kuma a lissafinsu har da zuma da tataccen ruwan 'ya'yan itace. Don haka masu zabga zuma cikin lemon abarba suna cewa ai na gida ne, wallahi a rage hannu.

Wanki ba wuya, ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke a kunna a ɗauraye, sai dai kar a tsoma gindin cikin ruwa nan batirin yake, sannan robar nan ta bakin murfi a riƙa zaro ta ana wankewa don in lemo ya kwana a ƙarƙashinta tsami take yi.

Ga ɗalibi a hostel ko mai zuwa ofis ko wanda yake shi kaɗai, ya yi. Uwargida mai haɗa lemon buɗa baki na gida guda kuwa ta nemi babba mai wuta, wannan kofi-kofi zai ɓata mata lokaci caji ya ƙare ana kiran sallah. In za ku saya ku sa a kunna muku a shagon, ku zuba ruwa ku kife ku ga ko yana yoyo kafin ku biya.