Ajin koyon ɗinkin matashin shayarwa, ga yadda na same shi

Salam 'yan uwa mata, masu ta tambayata a kan ajin ɗinkin da na shiga a nan unguwarmu a Kano ga bayani. Ni fa kafin nan ban taɓa taka keke ba, ƙanwata ce ke da tsohon ciki nace bari wannan karon in yi mata kayan barka da hannuna ba kullum omo da sabulu ba, shine wata maƙociya ta haɗa ni da wata Anti da take koyarwa a cikin gidanta.

Abin da muka koya matashin nan ne mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, wanda maijego take zagaya shi a ƙugu ta ɗora jariri lokacin shayarwa don kar bayanta da hannunta su gaji. Kayan ba su da yawa, yadin kotin na kasuwar Kwari, fiba (audugar roba da ake cusa wa matashi), zif, zare, alli da tef, sai takardar da za a yanka fatan, wato siffar matashin da za a bi a yanka yadi. Tun ranar farko Anti tace kowa ta koma gida ta wanke yadinta ta goge kafin almakashi ya taɓa shi, saboda kotin yana tsukewa in ya ga ruwa, in baki wanke ba ranar wankin farko rigar matashin ta ƙi shiga.

Gaskiya matar nan ta iya koyarwa, kuma tana da haƙuri wallahi. Ba ta bari ki fara da yadinki, sai kin yi ta bin layi a kan tsumma har ƙafarki ta saba da keken, Butterfly ne irin na takawa don haka ko an ɗauke wuta aiki bai tsayawa. Inda na fi jin daɗinta shine wajen ɗinkin lanƙwasa, zata tsaya a bayanki ta ɗora hannunta kan naki tace "kar ki ja yadin, juya shi kawai, keke ne zai tafi da shi", bayan an ɗinke kuma ta nuna miki yadda ake ɗan tsattsaga bakin ɗinkin da kan almakashi ba tare da kin yanke zaren ba, sai ki ga da an juyo shi ya kwanta luf babu tattara. Wannan a bidiyon YouTube wucewa suke da sauri baka ma lura.

Cusa fiba shima aiki ne, sai an yayyage ta ƙanana ƙanana an fara turawa can ƙarshen ƙahonnin biyu tukuna a dawo tsakiya, in kika danna ta dunƙule guda matashin sai yayi ƙulu ƙulu. A ƙarshe a rufe ƙofar da aka cusa fibar da allurar hannu. Riga biyu ake yi, ta ciki mai riƙe fiba da ta waje mai zif, saboda tumbuɗi, kullum sai an cire an wanke.

Abu ɗaya da ya ƙara min ganin girmanta, ta nanata mana cewa wannan matashi na shayarwa ne ba na barci ba, kar a kwantar da jariri a kai a tafi kicin, likitoci ma suna hana sa wa jariri filo kafin ya shekara don zai iya toshe masa numfashi. Kuma babu maɓalli babu duwatsun ado, duk abin da zai iya cirewa ya shiga baki.

Matsalar da na gani ita ce mun fi kekunan yawa, wani lokacin sai ki zauna kina jira har la'asar ta kawo jiki baki ɗinka komai ba, sannan zif a gurguje aka koya mana shi, ni sai da na roƙa aka maimaita min. In zaki shiga ki tambaya tukuna mutum nawa ne a keke ɗaya, kuma ki zaɓi ajin safe yafi sauƙin mutane.

Ni dai zan koma, wata mai zuwa za a fara shimfiɗar jariri da jakar asibiti kuma tuni na sa sunana.