Keke, igiya ko na'urar gudu: lissafa kwanakin hutu kafin ka biya kuɗi

Yayana ya dawo daga asibiti da maganar da mutane da yawa ke dawowa da ita idan shekaru sun haura arba'in: jini ya fara hawa, tumbi ya yi gaba, likita ya ce a rage gishiri a kama motsa jiki. Da yamma ya same ni a ƙofar gida a Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina, ya ce, "Gobe ka raka ni mu dubo na'urar gudun nan ta lantarki." Na ce, "Yaya, kwana nawa a mako za ka riƙa hawanta?" Ya ce, "Kullum mana, tunda kuɗi zan zuba." Wannan amsar ce ta sa na ce mu dakata da zuwa kasuwa. Duk kayan motsa jikin da ke sa zuciya bugawa da sauri yana da nasa kwanakin hutun da yake ɗora wa jiki, kuma mai shago ba ya faɗa maka wannan, shi dai ya nuna maka maɓallai da allo.

Ma'aunin da za a fara riƙewa shi ne na Hukumar Lafiya ta Duniya. A jagoran da ta fitar a 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, ko a gauraya su. Bambance su ba ya buƙatar na'ura. Idan kana iya hira da wanda kuke tafe tare amma ba za ka iya rera waƙa ba, matsakaici kake yi. Idan kalma uku ko huɗu kawai ke fita sai haki ya tare ka, ka shiga mai tsanani. Matsakaicin ana iya yin sa kusan kullum, a bar rana ɗaya a mako a sarara. Mai tsananin kuwa a bar kamar awa 48 tsakanin wannan da wancan, wato sau biyu ko uku a mako.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne sassan jiki ba tare suke warwarewa ba. Numfashi na dawowa daidai cikin mintuna. Ƙarfin da tsoka ta ƙone yana komawa cikin kamar kwana guda idan an ci abinci sosai. Tsamin jiki yakan fi tsanani daga awa 24 zuwa 72 bayan aikin, shi ya sa ranar da ka yi gudun kake jin garau, sai jibi ka kasa durƙusawa wajen alwala. Ƙashi da agara da gwiwa su ne 'yan baya, makonni suke ɗauka kafin su saba da sabon nauyi. Sai zuciya ta ce maka a ƙara, alhali ƙwauri bai shirya ba.

Igiyar tsalle ita ce mafi araha a cikinsu, kuma ita ta fi cin hutu. Ni na ɗanɗana. Shekarun baya na sayi guda, na riƙa tsalle kowace asuba a kan simintin tsakar gida da silifas a ƙafata. Kafin mako biyu gaban ƙwaurina na dama ya kama ciwon da ko taka matattakala sai na cije leɓe, na yi kusan wata ban sake komai ba. Sauri ya haifi nawa. Tsallen igiya aiki ne mai tsanani tun daga mintin farko, kuma duk saukowa a kan sha-raɓa da idon sawu take. Wanda zai saya ya yi niyyar kwana biyu ko uku a mako, da rana guda a tsakani, ya fara da minti ɗaya-ɗaya yana tsayawa, ya sa kambas, ya nemi ƙasa mai taushi ko ya shimfiɗa tabarmar roba. Tsawonta kuma ana gwadawa a shago: ka taka tsakiyarta, mariƙan su kawo maka wajen hammata. Mai ƙiba da mai ciwon gwiwa ban ba su shawarar farawa da ita ba.

Kambas mai kyau shi ne sayayyar da na fi ganin ba a asara a cikinta, domin abu biyu kake saya da shi. Tattaki da sauri, irin wanda ake yi bayan sallar asuba a titunan GRA ko a kewayen filin wasa na Muhammadu Dikko, kusan ba ya neman hutu. Minti 30 sau biyar a mako ya cika 150 ɗin nan cif. Sassarfa da gudu kuwa wani lissafi ne daban, domin kowane taku yana sauke wa ƙafa nauyin da ya kai ninki biyu zuwa uku na jikinka. Sabon shiga ya yi yau ya bar gobe, kuma goben ba kwanciya ba ce, sai ya taka a hankali zuwa masallaci ko kasuwa, jini ya zaga, tsamin ya ragu. A wajen 'yan gwanjo ana samun kambas masu inganci, amma ka juya ƙasansa ka duba. Idan dunduniyar ta cinye ta gefe guda, ko ka danna soson tsakiya da babban yatsa ka ji ya mutu ba ya dawowa, bar shi komai kyan samansa. Takalmin gudu yakan gaji bayan kilomita 500 zuwa 800, kuma na gwanjo ba ka san nawa ya riga ya ci ba. Ka gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka bar sararin faɗin yatsa a gaba.

Keke shi ne na fi daɗewa ina yi wa Yaya bayani a kansa, don shi ya fi dacewa da mutumin da ya ce kullum yake so. Sirdi ne ke ɗauke da nauyinka, ƙafa ba ta dukan ƙasa, saboda haka gwiwa da ƙashi ba sa neman dogon hutu. Ana iya hawa kwana biyar ko shida a mako muddin ba kullum ake ƙure kai ba. Keken titi yana da daɗin iska, kuma yana kai ka aiki ko gona, sai dai dole ka yi la'akari da 'yan acaba da masu Keke Napep, da rairayin da ke taruwa a gefen kwalta. Keken ɗaki, wanda ake tuƙawa a wuri ɗaya, ya kauce wa duk wannan. Yawancinsu ba sa buƙatar wutar NEPA, batir kawai ake sa wa ɗan allon. Ga matan aure da ba su son fita titi, da dattawa, ban ga na biyunsa ba, kuma mutum uku a gida ɗaya na iya raba shi. Wajen saye ka hau ka tuƙa na minti biyu a gaban mai shi. Ka saurara ko yana ƙara, ka murɗa abin ƙara nauyi ka ji ko yana kamawa, ka tabbatar sirdin yana hawa yana sauka. Idan feda ta kai ƙasa, gwiwarka ta kusa miƙewa amma da ɗan lanƙwasa. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa shi ke jawo ciwon gaban gwiwa, sai mutum ya ɗauka keken ne bai karɓe shi ba. Wani abu kuma, idan ka fara irin tuƙin nan na a zabura minti ɗaya a sassauta minti biyu, to ka koma sahun mai tsanani, dokar awa 48 ta hau kanka ko da a keke ne.

Na'urar gudu ta lantarki ba ta da laifi a kanta. Shimfiɗarta ta fi kwalta taushi, kuma tana raba ka da ƙura da rana. Amma gudu a kanta gudu ne, hutunsa ɗaya da na titi, don haka wanda ya saye ta don gudu ya san kwana uku a mako za ta yi masa aiki. Sauran kwanakin tafiya zai yi a kanta, abin da titi ke bayarwa kyauta. Ga batun wuta: injinta na jan lantarki sosai, ƙaramin janareta ko ƙaramar inbata ba lallai su ɗauke ta ba, kuma ɗaukewar wuta ana tsakiyar gudu na iya jefar da mutum. Ƙurar hunturu na shiga ƙarƙashin bel ɗin, sai an riƙa sharewa ana sa mai. Kafin ka biya ka tambayi nauyin da aka ƙayyade mata, ka kuma tambayi wanda zai gyara ta a nan cikin Katsina idan allonta ya ƙone, kada sai an ɗauke ta zuwa Kano.

Biyan kuɗin wata a gidan motsa jiki hanya ce mai kyau ta gwada dukkansu kafin a sayi ɗaya. Haɗarinsa dai shi ne jin cewa tunda an biya sai an je kullum an fanshe.

Agogon da ke ƙirga bugun zuciya yana da amfani, amma shi ne na ƙarshe a jerin abin da zan saya. Yatsu biyu a wuyan hannu suna yin aikin. Ka ƙirga bugun minti ɗaya da farkawarka, kafin ka tashi daga shimfiɗa, har ka san naka na yau da kullum. Na yawancin manya yana tsakanin 60 da 100. Idan ka ga ya ɗaga sama da yadda ka saba kwana biyu ko uku a jere, ga barci ba ya daɗi, ga ƙafafu sun yi nauyi, ƙara kwana guda na hutu. Akwai kuma lissafin cire shekarunka daga 220, don sanin iyakar bugun da zuciyarka za ta iya kaiwa a minti ɗaya. Ga mai shekara 45 kamar Yaya, 175 ke nan, matsakaicinsa daga 88 zuwa 122, mai tsanani har zuwa 149. Kintace ne kawai, kuma wasu magungunan hawan jini na rage bugun zuciya, don haka mai shan su ya tambayi likitansa. Ciwon da ya tsaya a wuri ɗaya a kan ƙashi yana ƙaruwa da taku, a daina har sai an duba. Ciwon ƙirji, jiri ko numfashin da ya ƙi dawowa kuwa, asibiti za a nufa a ranar.

Yanayin garinmu ma yana canza lissafin. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma tafiyar da ta kasance matsakaiciya a watan Disamba sai ta koma mai tsanani, domin zuciya na aiki biyu, tana ciyar da tsoka tana kuma sanyaya jiki. A lokacin a tsaya ga asuba, a sha ruwa, a ƙara tazara. Daren bazara da babu wuta ba a samun barcin awa bakwai, kuma a cikin barci ne jiki ke yin mafi yawan gyaransa. Da azumi ni kan ajiye mai tsananin gaba ɗaya, in bar tattaki bayan an sha ruwa.

Yaya dai keken ɗaki na gwanjo ya saya, da kambas sabo. Litinin, Laraba da Asabar yana tuƙi na minti 30 a zaure bayan sallar asuba, Talata da Alhamis mu taka tare daga Ƙofar Ƙaura mu dawo, Juma'a da Lahadi ba ya taɓa komai. Matarsa ke hawa keken da hantsi idan yara sun tafi makaranta, ta sauke sirdin rami biyu, shi kuma ya sa alama da fenti a inda nasa yake tsayawa.